Zuciya da Hawan Jini

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, da malamansu, musamman na ƙasar Alela, da Ƙonni, da Malbaza, da Illela, cikin jihar Tawa. Hirarmu ta yau a kan zuciya ce da hanyoyin jini. Wanda ya ji ta a rediyo, ga ta a rubuce. Ku karanta sannu a hankali. Inda kuka kakare, ku tambayi malami. In kun gama, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Kusan kowa a cikinku ya san gidan da abin nan ya taɓa faruwa. Magidanci ya tashi da safe lafiya lau. Ya tafi garka, yana cikin ban ruwa, sai ya faɗi. Aka ɗauko shi, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki. Mutane suka ce iska ce ta buge shi. Ko kuwa mace ta haihu lafiya, an yi suna, ba a yi arba'in ba ta fara kumburi da haki. Aka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta. Sau da yawa waɗannan abubuwa biyu daga zuciya da hanyoyin jini suke. Suna da dalili, suna da alamu, suna da magani.

1. Mene ne aikin zuciya?

Ku dunƙule hannunku. Girman zuciyarku ke nan. Tana cikin ƙirji, ta ɗan karkata hagu. Tsoka ce mai ƙarfi, mai ɗaki huɗu. Tsakanin ɗakunan akwai ƙyamare, masu buɗewa da rufewa, don kada jini ya koma baya.

Ku masu noman albasa a Galmi da fadamun Ƙonni kun san injin ban ruwa. Yana jan ruwa, yana tura shi cikin tiyo har ƙarshen fage. Haka zuciya take. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska mai kyau. Ɓangaren hagu yana tura shi ko'ina cikin jiki, daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Jinin da ke jikin babban mutum kamar lita 5 ne.

Yanzu ku gwada wani abu. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙarƙashin babban yatsa. Za ku ji abu yana motsi. Bugun zuciya ke nan. Malami ya duba agogo, ku ƙirga har minti ɗaya. Babban mutum da ke zaune a huce, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. A yini da kwana, ta buga kamar sau 100.000. Injin ban ruwa ana kashe shi ya huta. Ita kuwa ba ta tsayawa.

2. Hawan jini

A gidan likita ana ce masa tansiyo. Da farko mu gyara wani kuskure. Hawan jini ba yawan jini ba ne. Ƙarfin da jini yake tura bangon jijiya ne ya yi yawa. In ka matse bakin tiyo, ruwan bai ƙaru ba, amma ƙarfinsa ya ƙaru, inji kuma yana wahala. Saboda haka ƙaho ba ya saukar da hawan jini. Mutum ma yana iya samun ƙarancin jini da hawan jini a lokaci guda.

Ciwon ya yi yawa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A nan Nijar, binciken da aka yi a shekarar 2021 ya nuna fiye da babba ɗaya cikin huɗu yana da shi. Ku dubi ajinku. In ku ashirin ne, mai yiwuwa biyar suna ɗauke da shi.

Me ya sa mutane ba su sani ba? Domin yawanci ba ya ciwo. Wani yakan ji ciwon kai, ko jiri, ko gani dishi-dishi. Amma da yawa ba su jin kome, shekara da shekaru, alhali yana ɓarna a ɓoye. Yana gajiyar da zuciya. Yana lalata ƙoda. Yana ɓata ido. Yana fasa jijiya a ƙwaƙwalwa.

Abubuwan da ke kawo shi ko su ƙara shi: gado daga uwa ko uba, yawan shekaru, yawan gishiri, ƙiba, rashin motsa jiki, taba, giya, da ciwon ƙoda. Ciwon suga kuma abokin tafiyarsa ne. Kada ku ce ciwon masu kuɗi ne ko na mutanen birni. Siririn manomi ma yana kamuwa.

Hanya ɗaya ce ta ganewa, ita ce awo. Likita zai ɗaura maka wani maɗauri a damtse, ya hura shi, ya karanta lamba biyu. Ba allura, ba zafi, minti biyu an gama. Tun da kun koyi lamba, ga ma'anarsu:

12 bisa 8: daidai ne. A wasu na'urori za ku ga 120 da 80. Duk ɗaya ne.
14 bisa 9 ko fiye: ya hau. Za a sake awo wata rana dabam. In an sake samun haka, hawan jini ne.
18 bisa 12 ko fiye: hatsari ne. In da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko haki, ba a kwana gida.

Ku roƙi likita ya rubuta lambar da kwanan wata cikin karnenku. Ku karanta da kanku. Duk babba ya auna ko da sau ɗaya a shekara. Wanda ya wuce shekara 40, ko yake da gadon ciwon, shi ya fi kowa bukata. Ranar kasuwa, in kun shigo gari, ku biya gidan likita kafin ku koma.

3. Shanyewar ɓarin jiki

Ita ce ta sami magidancin da muka ambata. Jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ce ta toshe, ko ta fashe. Wurin da jini bai kai ba sai ya mutu. Ɓarin jikin da wurin yake sarrafawa sai ya saki. Babban mai kawo ta shi ne hawan jinin da ba a kula da shi ba.

Ku riƙe alamu uku. Baki ya karkace. Hannu ko ƙafa ta ɓari guda ta mutu. Magana ta sarƙe. In kun ga ko da ɗaya, farat ɗaya, ku nemi mota ko amalanke nan take. Ku kwantar da shi a gefe, don kada yawu ko amai ya shaƙe shi. Kada ku ɗura masa ruwa, ko fura, ko jiƙo, domin haɗiya tana iya gagararsa, abin ya faɗa huhu. Kada ku ba shi ƙwaya ko wace iri. Ku yi masa addu'a kuna kan hanya.

Wani lokaci alamun sukan zo su wuce cikin ƴan mintoci. Kada ku ce an warke. Gargaɗi ne. A je likita ranar nan.

Wanda ya rayu, kada a bar shi kwance a ɗaki. A riƙa juya shi don kada baya ya yi gyambo. A riƙa miƙe masa hannu da ƙafa kullum. A koya masa zama, da tsayuwa, da tafiya da sanda. Da yawa suna samun sauƙi in gida ya yi haƙuri da su.

Irin wannan toshewa takan faru a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kanta. Mutum zai ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon ya gangara hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, zufa ta karyo masa. Shi ma gaggawa ce. Kada a ce gyambon ciki ne a jiƙa kanwa.

4. Gajiyar zuciya

Inji in ya gaji, ruwa yakan kwanta a hanya. Zuciya in ta gaji, ruwa yakan taru a jiki. Ƙafafu su kumbura. In ka danna da yatsa, wurin ya lotsa. Ciki ya cika. Mutum ya riƙa haki da ɗan aiki kaɗan. Da dare ba ya iya kwanciya sai ya jingina, ga tari. Abin da ya fi kawo wannan a ƙasashenmu shi ne daɗaɗɗen hawan jini, da lalacewar ƙyamaren zuciya, da ciwon zuciya na jego. Ƙarancin jini mai tsanani ma yana gajiyar da ita.

5. Ciwon zuciya na jego

Iyaye mata, da ku mazansu, ku kasa kunne nan. Wannan ciwo yakan zo a watan ƙarshe na ciki, ko cikin watanni biyar bayan haihuwa. Tsokar zuciya ce take yin rauni. A wasu ƙasashe da wuya ake ganinsa. A ƙasar Hausa kuwa yana da yawa ƙwarai.

A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Dokta Davidson da Dokta Parry, sun bi mata fiye da 200 masu wannan ciwo. Sun ga yana kama kamar mace ɗaya cikin haihuwa 100. Sun ga ya fi yawa lokacin zafi da damina. Suka ɗora laifin a kan kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. A Sakkwato, maƙwabtanmu na kusa, binciken da aka buga a 2007 ya sami kusan wannan lissafi.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1992, likitoci a Yamai sun gano cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jini, mai suna seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci. A Kano ma, Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa sun sami haka a 2015. A wani babban bincike da suka buga a 2020, sun ga ciwon ya fi kama mata masu rama, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki. A nan ba su ga kunun kanwa da wankan jego su ne tushensa ba.

To, me za mu ɗauka? Abu uku. Na ɗaya, mai ciki da mai jego su ci abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, kifi, nama, nono, gyaɗa, da ganye. Wannan nauyin maigida ne. Kuɗin da za a kashe ranar suna, a rage wani abu a ciyar da uwar ɗa. Na biyu, kanwa ƴar'uwar gishiri ce. Tana tara ruwa a jiki. Ko ba ita ta kawo ciwon ba, tana ƙara wa zuciya mai rauni kaya. Macen da ke da hawan jini, ko kumburi, ko haki, kada ta sha ta ko kaɗan. Sauran ma a rage. Wanka kuwa, ruwa mai ɗumi ya isa tsabta. Na uku, mai jego da ke haki ko kumburi, a kai ta likita ranar nan. Kada a jira arba'in. Iyayenmu da kakanninmu masu kula da jego, alheri kuke nufi, mun sani. Ku ne kuke kusa da ita dare da rana, ku za ku fara ganin alamun. Ku ne kuma in kun ce a tafi, ba mai musu.

Da magani, mata da yawa zuciyarsu tana komawa daidai cikin watanni. Amma kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba ya yarda. In zuciyar ba ta warke ba, sabon ciki yana iya kashe ta. Miji da mata su je tare su nemi shawarar tazarar haihuwa.

Ku tuna da awon ciki. A shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗinsa. A kowane zuwa a auna jini. Mai ciki da ta ji ciwon kai mai tsanani, ko fuska da hannu suka kumbura, ko tana gani dishi-dishi, jijjiga tana iya biyo baya. A gaggauta.

6. Ciwon maƙogwaro da zuciyar yaro

Akwai wata ƙwayar cuta mai kama maƙogwaron yara, musamman ƴan shekara 5 zuwa 15. Yaro ya yi zazzaɓi, haɗiya ta yi masa wuya. In ba a yi magani ba, bayan mako biyu ko uku wasu yaran gaɓoɓinsu sukan kumbura, ciwon yana tashi daga gwiwa ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. Daga nan yakan taɓa ƙyamaren zuciya. In yana dawowa, ƙyamaren su lalace. Sai yaro ya girma, ko yarinya ta yi cikin fari, sannan gajiyar zuciya ta bayyana.

Cire beli ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, kuma yana jawo zubar jini. Maganinta penisilin ne, mai araha. In ƙwaya aka rubuta, a sha har kwanakin su cika, ko da yaro ya warware. Wanda ciwon ya riga ya taɓa zuciyarsa, ana yi masa allura duk mako uku ko huɗu, shekaru da yawa. Ku rubuta ranar allura a takarda, ku liƙa a bango.

7. Yadda likita ke bincike

Zai tambaye ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗi duk abin da kake sha, har na gargajiya da na kasuwa. Zai auna jini, ya saurari ƙirji, ya danna ƙafa. Yana iya neman awon fitsari da na suga, don ya ga lafiyar ƙoda. A babban asibiti akwai hoton ƙirji, da na'ura mai zana bugun zuciya a takarda, da eko, irin wadda ake duba jariri a ciki, mai nuna ɗakunan zuciya da ƙyamarenta suna motsi.

Ku fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI. In abin ya fi ƙarfinsu, majo zai ba ku takarda zuwa asibitin gunduma, kamar na Ƙonni ko na Illela. Akwai asibitin Galmi, cikin gundumar Malbaza, wanda aka buɗe tun 1950. Gaba akwai babban asibitin jiha a Tawa. Ƙwararrun likitocin zuciya kuwa sun fi yawa a Yamai, a Asibitin Ƙasa da kuma babban asibitin da aka buɗe a 2016.

8. Magani

Hawan jini ba kamar masassara ba ne, da za a sha magani kwana uku a gama. Yawanci ana shan ƙwaya kullum, har iyakar rai. Maganin yana riƙe shi ne, kamar yadda madatsar Mozage ke riƙe ruwa. Ran da aka bari, ya dawo. Mutane da yawa da suka faɗi, sun taɓa shan magani, suka ji sauƙi, suka daina.

Ku koyi karanta sunan maganinku a jikin kwali. Akwai amlodipine, mai buɗe jijiyoyi. Akwai hydrochlorothiazide da furosemide, masu fitar da ruwa da gishiri ta fitsari. Akwai captopril da enalapril, amma su mai ciki ba ta shan su, domin suna cutar da jariri. Likita ne mai zaɓa. Kada ka ari na maƙwabci. In magani ya dame ka, koma a sauya maka. Ka sayi sabo tun na hannu bai ƙare ba. Mai azumi ya tambayi likita lokacin da zai mai da shansa. Ƴan bida masu tafiya Abijan, ko Libiya, ko Najeriya, ku tafi da karnenku da guzurin magani.

Ku sayi magani a farmasi. Na tebur da na bisa kai ya sha rana, wani ma jabu ne. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ƙwayoyin sa ƙiba, suna ɗaga jini, suna tara ruwa. Mai ciwon zuciya ya nisance su.

9. Abin da ke hannunku

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini. Bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Cikin lissafin nan har da magi, da kanwa, da manda, da yajin da aka daka da gishiri. Uwargida, ki rage kaɗan-kaɗan, cikin ƴan makonni baki zai saba. Albasa, da tafarnuwa, da daddawa, da citta sun isa su ɗaga miya.

Taba. Sigari, da shisha, da tabar baki, duk suna ɓata jijiyoyi. Hayaƙin yana cutar da matarka da ɗiyanka.

Abinci. Ku yawaita zogale, da sure, da kabewa, da tumatir, da wake. Ku rage kitse, da soye-soye, da sukarin shayi, da lemun kwalba.

Motsa jiki. Manomi da mai daka suna samun nasu. Mai tireda, da direba, da ɗan kabu-kabu, da mai zaman ofis, su yi tafiyar ƙasa ta minti 30 a yawancin kwanakin mako.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin hawan jini da yawan jini?
2. Likita ya rubuta maka 16 bisa 10. Me wannan ke nufi? Me za ka yi?
3. Ku faɗi alamu uku na shanyewar ɓarin jiki.
4. Mai jego tana haki, ƙafafunta sun kumbura. Wa zai yanke shawarar kai ta likita a gidanku? Da wane abin hawa?
5. Magi nawa ake sawa a tukunyar gidanku a yini?

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya je a auna shi. Ya rubuta lambarsa da hannunsa cikin littafinsa. Ya tafi da mutum ɗaya daga gidansu, uba, ko uwa, ko mata, ko miji. Malamai, ku nemi majo na CSI mafi kusa, ku roƙe shi ya zo aji da abin awo, a auna kowa rana ɗaya. Ku rubuto mana abin da kuka gani da tambayoyinku, za mu amsa.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.